Ƙarfen eriya: abin da masu jirgin ruwan iska suka koya mini bayan hadari ya kayar da nawa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Maiyama ya san kowane gari yana da wurin da ake ce wa wajen sabis. Wani garin tudun bayan makaranta ne, wani kan katangar wani gida, wani kuma gindin wata kuka. Da yamma za ka iske matasa sun taru, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Idan saƙon WhatsApp kake son turawa, wannan ya ishe ka. Idan kuwa aikinka rubuta manhaja ne, kana bukatar sauke fayil mai nauyi ko yin taro ta bidiyo da wanda ya ba ka aiki, ba za ka ɗauki laftof ka tafi gindin kuka da ƙarfe goma na dare ba.

Abin da ya sa na sayi rauta mai ramin eriya ke nan, na haɗa da eriya mai faɗi, na sayi bututun ƙarfe a kasuwa, na sa mai walda ya yi mini mariƙai biyu, muka ɗaura a saman katanga. Har da ƙaramin faranti na sola na maƙala a sama, don a ganina ya fi samun rana a can. Wata uku ina jin daɗi. Sai daren da hadarin farko na damina ya taso daga gabas. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji ƙara kamar an jefo ganga daga sama. Ƙarfen ya lanƙwashe daidai inda muka huda shi muka sa noti, ya ɓamɓaro bulo biyu daga katanga, ya yaga kwano biyu na ɗakin maƙwabcinmu, sannan ya kwanta a tsakar gidansu. A daidai wurin yaransa suke shimfiɗa tabarma su kwana lokacin zafi. Iska ce ta riga ta kore su ɗaki da 'yan mintuna.

Da safe Baba bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka je ka gaida Alhaji, ka biya kwanonsa. Kuma kada in sake ganin ƙarfe a kan katangata sai ka iya gaya mini dalilin da ya sa wannan ya faɗi." Aikin manhajar lissafin buhunan albasa da nake yi wa wani ɗan kasuwa a Aliero ya tsaya mako biyu, amma ba shi ne ya hana ni barci ba.

Da na shiga neman dalili, ban sami amsa mai gamsarwa wajen masu harkar netwok ba. Su maganar sigina kawai suke yi. Amsar ta fito ne daga inda ban zata ba, wato wajen masu sauya wa jiragen ruwan iska jigo.

Jigon da ba shi da waya

Jirgin ruwan da ke tafiya da iska yana da dogon turke a tsakiya, wanda ake rataya ƙyallen da ke kama iska. Bari in kira shi jigo, tunda ya yi kama da jigon da manoman fadama suka sani. A yawancin jiragen Turai na zamani, jigon siriri ne, wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi ta gaba da baya da gefe. Mutanen Sin kuwa sun daɗe da nasu tsarin: ƙyalle mai sandunan gora a kwance daga gefe zuwa gefe, da jigon da ke iya tsayuwa da ƙafarsa ba tare da an ɗaure shi ba. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da ya zo har Gao da Takedda a ƙarni na 14, ya ga irin waɗannan jirage a Kalikut ta ƙasar Indiya, ya kuma bayyana cewa abin kama iskarsu da gora ake saƙa shi kamar tabarma. Turawa suna kiran tsarin junk.

Wani tsohon sojan ruwan Ingila mai suna Blondie Hasler ya ɗora wannan tsari a kan ƙaramin jirginsa Jester, ya shiga tseren tsallake tekun Atilantika na mutum shi kaɗai a 1960, daga Plymouth zuwa New York. Ya yi kwana 48, ya zo na biyu bayan Francis Chichester. A 1988 shi da Jock McLeod suka fitar da littafin Practical Junk Rig, wanda har yau masu son sauya jirginsu zuwa wannan tsari ke komawa gare shi. Kuma babbar matsalar da kowane mai sauyin ke fara cin karo da ita ita ce jigo. Tsohon jigon jirgin ba zai yi ba, domin an ƙera shi ne ya ɗauki nauyin da ke danno shi ƙasa yayin da wayoyi ke hana shi karkata. Ka cire wayoyin, iskar farko ta karya shi. Dole a nemo wani mai kauri a gindi, mai sirancewa zuwa sama, marar nauyi a ƙololuwa. Wasu suna ƙera na katako mai rami a ciki, wasu kuma su sayi turken fitilar titi na alminiyam su gyara.

Da na karanta wannan sai na gane cewa abin da na kafa a katangar Baba jigo ne marar waya, eriya da farantin sola kuma su ne ƙyallen. Na yi duk kuskuren da suke gargaɗi a kai, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka sayi ƙarfe, auna tsawon da kake bukata

Mai jirgi yana fara zana ƙyallensa ne, sannan ya san tsawon jigon da zai nema. Kai ma sigina za ka fara aunawa. Layukan sabis da ke saman allon waya ba ma'auni ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. Lambobi biyu za ka nema: RSRP, wato ƙarfin siginar 4G, da SINR, wato tsabtarta. A wayoyin Android da yawa, danna *#*#4636#*#* zai buɗe maka shafin. A Samsung gwada *#0011#, a iPhone kuma *3001#12345#*. Idan wayarka ta ƙi, manhajar Network Cell Info Lite ko CellMapper za ta nuna maka. RSRP da alamar ragi yake zuwa, don haka -85 ya fi -105 kyau nesa ba kusa ba. Daga -110 zuwa ƙasa wahala ce. SINR kuwa idan ya haura 13 ka sami abin kirki, idan ya sauka ƙasa da sifili ko da RSRP ya yi kyau intanet ɗin zai riƙa tsinkewa.

Ɗauki gwangwala ko gora mai tsawo, ka ɗaure tsohuwar waya a kanta tana ɗaukar bidiyon allonta, ka ɗaga a hankali, kana tsayawa minti ɗaya a kowace mita. A gidanmu, cikin ɗaki -114 nake samu. A saman katanga -104. A mita 7 daga ƙasa ya koma -95. Daga nan zuwa mita 9 bambancin bai wuce maki ɗaya ba. Ashe abin da ke tare ni rufin kwanon maƙwabta ne da layin dogon yaro da ke bakin hanya. Da na wuce su, ƙarin tsawo ba ya ƙara komai. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu manyan duwatsu tsakanin Jega da Aliero, kuma turken sabis mai tsawon mita 40 siginarsa tana iya kai wa fiye da kilomita 20 kafin lanƙwasar duniya ta shiga tsakani. Bishiya da kwano ne abokan gabarmu. Ka yi gwajin da damina idan da hali, saboda ganye mai ruwa ya fi busasshe shanye sigina, musamman a manyan zango irin su 1800 da 2600. Zangon 700 da 800 sun fi ratsa ganye.

Wannan gwajin kyauta ne, kuma shi zai hana ka sayen mita uku na ƙarfe da ba ka bukata. Za ka ga a gaba cewa waɗannan mita ukun su ne ke kayar da ƙarfe.

Lissafin iska

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne amsar tambayar Baba take.

Ƙarfin da iska ke tura abu da shi ba ya tafiya daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Shi ya sa ƙarfen da ya sha iskar hunturu wata uku lafiya zai iya faɗuwa cikin minti biyar na hadarin watan Yuni. Ni na ɗauki gudun mita 30 a daƙiƙa a lissafina, wato kilomita 108 a awa, ba don kullum ake samunsa ba, sai don bugu ɗaya na irin wannan ya isa. A wannan gudu, duk abin da faɗinsa ya kai murabba'in mita ɗaya yana shan turi na kusan kilo 66, idan aka haɗa da abin da siffarsa ke ƙarawa.

Eriya mai faɗin santimita 30 kowane gefe tana shan kilo 6 ke nan. Ba yawa. Amma turin ba shi ne ke karya ƙarfe ba, nisan da ke tsakanin turin da inda aka riƙe ƙarfen ne. Kowane bakanike ya san haka: idan noti ya ƙi kwancewa, yakan zura bututu a kan sifana ya ƙara mata tsawo. Kilo 6 a nisan mita 6 ya zama 36, bari mu kira ma'aunin kilo-mita. Sannan abin da yawancinmu muke mantawa: shi kansa bututun yana kama iska. Bututu mai inci 2 faɗinsa santimita 6 ne, idan mita 6 nasa suna sarari, yana shan kilo 24, kuma za a lissafa kamar a tsakiyarsa turin yake, wato mita 3. Wannan 72 ke nan. Jimla 108. Ka lura, bututun ya ninka eriyar wajen jawo wa kansa wahala.

To nawa bututun zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa? Na yi lissafin da ƙarfe na gama-gari, wanda ke fara sallamawa a wajen megafaskal 200. Bututun inci 2 mai kaurin bango milimita 3.6 yana ɗaukar kusan 175. Ya tsira, da sauran rara. Bututun inci 2 mai bangon milimita 1.5, wanda daga waje ba za ka bambance shi da na farko ba, kusan 80 yake ɗauka. Ya faɗi. Bututun inci 1 mai kaurin bango, irin na famfo, iskar da yake kamawa ta ragu, jimlarsa 76, amma 44 kawai yake iya ɗauka. Shi ma ya faɗi.

Akwai abin lura tsakanin na biyu da na uku. Nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen kilo 2 da ɗoriya a kowace mita, amma mai faɗin ya kusa ninka siririn ƙarfi. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu jirgin junk suke neman jigo mai faɗi mai rami, ba siriri cikakke ba, kuma shi ne sirrin gora da karan dawa. Faɗi ya fi kauri amfani, matuƙar bangon bai yi siririn da zai lotsa ba.

Yanzu ƙara tsawo. Ɗauki mai kyaun nan na milimita 3.6 ka kai shi mita 9 a sarari. Ka ƙara rabin tsawo ne kawai, amma lissafin ya tashi daga 108 zuwa 214, ya wuce 175 ɗin da yake iya ɗauka. Sai kuma farantin sola. Mai wat 100 faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 0.65. Idan iska ta same shi gaba da gaba a mita 6, shi kaɗai ya kawo fiye da 250. Nawa bai kai wannan girman ba, amma bututuna ma irin marar kaurin ne. Farantin sola ba ya bukatar tsawo ko kaɗan, inda babu inuwa kawai yake so. Ajiye shi a kan rufi, ka ɗaure shi da kyau.

Mai jirgi yana da wata sa'a da mu ba mu da ita. Idan iska ta yi ƙarfi, jirginsa yakan karkata, ƙyallen ya zubar da wani sashe na iskar, kuma yana iya sauke ƙyallen cikin daƙiƙoƙi, wanda shi ne babban abin da ake yabon tsarin junk a kai. Katanga ba ta karkata, kuma babu mai hawa ya kwance eriya cikin hadari. Duk abin da iska ta kawo, ƙarfenka da katangarka ne za su shanye.

Yadda za ka gane na kirki a kasuwa

Kada ka tambayi mai shago ko bututun yana da ƙarfi, amsar ɗaya ce kullum. Auna nauyinsa. Bututun inci 2 mai tsawon mita 6 da bangon milimita 3.6 yana kai wa kilo 30. Mai milimita 2 kusan kilo 17 ne, kuma shi a bakin iyaka yake a lissafin da muka yi. Mai milimita 1.5 kilo 13. A kasuwar Jega sikeli ba abin wahala ba ne, masu hatsi suna da shi. Idan ka ɗaga bututun da hannu ɗaya ba ka ji komai ba, na rumfar biki ne ko ƙafar tebur, ajiye shi. Duba bakinsa ma, ka kwatanta kaurin da na wani. Wanda aka yi wa rufin zinki, mai launin toka-toka, ya fi baƙin ƙarfe jure tsatsa. Idan baƙi ka samu, sai ka shafe shi da jan fenti na hana tsatsa kafin na ado.

Gora da gwangwala fa? Iyayenmu sun yi shekaru suna ɗaga eriyar rediyo da talabijin da su, kuma ba su yi kuskure ba: ba su da nauyi, idan sun faɗi ɓarnar kaɗan ce. Matsalarsu gara da rana, sannan suna lilo. Eriya mai fuskantar waje ɗaya idan tana kaɗawa, SINR ɗinka zai riƙa hawa da sauka. Don gwaji na mako ɗaya sun yi. Sandar itacen turare da ake kafa rumfa da ita ta fi su tsayuwa, amma gindinta yana ruɓewa a cikin ƙasa inda ido ba ya gani.

Idan bututu ɗaya bai kai tsawon da ka auna ba, yi abin da masu jigo suke yi: mai kauri a ƙasa, siriri a sama. Bututun inci ɗaya da rabi yana shiga cikin na inci 2 mai bangon 3.6. Zura shi aƙalla rabin mita, ka ɗaure. Kada ka yarda mai walda ya haɗa baki da baki ya bi da wuta, wurin haɗin zai zama mafi rauni, kuma wutar tana ƙone zinkin ta buɗe wa tsatsa ƙofa. Toshe bakin sama kada ruwan sama ya taru a ciki.

Inda aka riƙe shi

Jigon junk a wuri biyu ake riƙe shi: gindinsa a can ƙasan jirgi, sai kuma inda ya ratsa daɓen sama. Masu sauyi suna nacewa kada tazarar wuraren biyu ta gaza kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon jigon, kuma idan ta fi haka ya fi. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Raba kilo-mitar nan da tazarar mariƙanka biyu, za ka ga abin da ke fizgar katanga. Da 108 da tazarar santimita 30, kowane mariƙi yana shan fizgar kusan kilo 360, buhu uku da rabi na masu kilo ɗari. Bulo mai rami ba zai riƙe wannan ba, balle ginin ƙasa. Buɗa tazarar zuwa mita 1.2, fizgar ta sauko wajen 90. Nawa na farko tazarar taƙi ɗaya muka bari, don mai waldar ya ce haka ya fi kyaun gani, ni kuma na yarda.

Abu na biyu da suke hanawa shi ne huda jigo kusa da inda daɓe ya riƙe shi, domin nan ne duk wahalar take taruwa. Mu kuwa daidai nan muka huda muka zura noti don kada bututun ya juya. Daga wannan ramin ya fara tsagewa. Yi amfani da noti mai siffar U da ke rungumar bututu daga waje, ya matse shi ba tare da rami ba.

Mafi kyawun tsari a gidajenmu shi ne bututun ya taso daga ƙasa, gindinsa cikin kankare, sannan a riƙe shi a saman katanga inda ginshiƙin siminti yake. Katangar ta zama daɓen jirgi ke nan, kuma tazarar ta kai mita uku. Idan a fili za ka kafa babu katanga, masu kafa turakun lantarki suna da ƙa'idar da suka daɗe da ita: kashi goma cikin ɗari na tsawon turke, a ƙara santimita 60. Ga mai mita 6, ramin mita 1.2 ke nan. A ƙasa mai rairayi ko ta fadama da ke laushi da damina, ka faɗaɗa kankaren.

Wani zai ce me ya hana a ɗaure da waya kawai a huta? Babu laifi, kuma idan za ka wuce mita 6 a sarari, wayar ta zama dole. Uku ake sa wa, a raba su daidai a kewaye, turakunsu su yi nisa da gindin ƙarfen da fiye da rabin tsawonsa. Waya biyu ba ta riƙe komai idan iska ta zo ta gefe. Matsalar ita ce tsakar gidan Bahaushe ba fili ba ce. Wayar za ta ratsa ta madafa ko turken awaki, ɗaya kuma sai ta shiga gidan maƙwabci. Cikin wata ɗaya za ka iske an mayar da ita igiyar shanya. Kuma ranar da ɗaya ta tsinke ko wani ya kwance ta, siririn ƙarfen da ya dogara da ita ya zama tsohon jigon da aka cire wa waya. Ni dai na fi son gajere mai kauri wanda ba ya jiran taimakon kowa.

Kebul na iya cinye ribar tsawo

Ko da ƙarfen ya tsaya, kowace mita ta tsawo tana bukatar mitar kebul, kuma kebul yana shan sigina. Siririn nan RG58 da ake haɗowa da eriya masu araha yana cinye kusan desibel 7 a mita 10 a zangon 1800. Desibel 3 rabin ƙarfi ne. Idan eriyarka tana ƙara 9 ko 10, kebul ya kwashe 7, kusan wahalar banza ka yi. LMR-400 mai kauri bai kai desibel 2 ba a wannan tsawon, amma yana da tsada, kuma guda biyu ake ja saboda 4G da hanya biyu yake karɓa. Kebul ɗin dish ba nasa ba ne, shi om 75 ne, rauta kuma 50 take so.

Hanyar da ta fi ita ce na'urar da rauta da eriya suke haɗe a akwati ɗaya na waje, irin MikroTik SXT LTE, a sa layin waya a ciki, kebul ɗin netwok guda ɗaya ya kai mata wuta ya sauko da intanet. Wannan kebul ɗin yana kai wa mita 100 ba tare da asara ba. Wasu suna saka rautar gida cikin robar fenti su rataya a sama. Yana aiki, amma ka tuna zafin watan Afrilu a Kebbi yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma robar ƙarin ƙyalle ce ga iska, sai ka sa ta a lissafi.

Na'urar ƙara sigina da ake kira busta kuwa, hukumar NCC ta yi gargaɗi a kan amfani da ita ba tare da izini ba, domin tana watsa sigina ta dagula wa na kusa da kai. Eriyar da aka jona da rauta ba ta cikin wannan. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ku tsawo bai dame ku ba: sararin sama take so, kuma manhajarta tana da wurin duba abin da ke tare ta. Sau da yawa gajeren ƙarfe a gefen rufi ya wadatar.

Tsawa, wayar wuta da maƙwabta

Ƙarfen da ya fi komai tsawo a unguwa yana gayyatar tsawa. Haɗa gindinsa da kebul mai kauri na jan ƙarfe zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa, ta hanya mafi gajarta, babu lanƙwasa mai kaifi. Mai wayarin gida ya san aikin. Duk da haka, idan hadari ya haɗu, zare kebul ɗin da ya shigo ɗaki daga jikin laftof da caja.

Wayar wuta ta fi tsawa saurin kisa a wannan aiki, kuma lokacin ɗagawa take yi. Kada ka kafa inda ƙarfen zai iya taɓa waya idan ya faɗi ta kowace fuska, ka bar rata mai ninkin tsawonsa idan wuri ya ba ka. Kada ka ce ai babu wuta yau, ba a sanar da kowa kafin a kawo ta. Manyan layukan nan masu kilobolt 11 da 33 ma ba sai ƙarfe ya taɓa su ba, kusantarsu kaɗai tana iya jawo wutar. Kilo 30 a tsaye ba aikin mutum ɗaya ba ne, ku zama uku, da igiya, da safe kafin iska ta tashi. Kuma kafin kowa ya hau katanga ko rufi, a aika yaro ya sanar da gidajen da ke kewaye za a hau sama, kamar yadda magina suke yi.

Ka tsaya a gindin wurin ka zana da'ira a ƙasa da tsawon ƙarfen. Duk abin da ke ciki, ɗaki ne, madafa ce ko wurin kwanan yara, yana ƙarƙashinsa. Tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, yammacin ƙarfen ya fi shiga haɗari. Nawa na farko, gidan Alhaji ne a yammacinsa.

Na biyun da ke tsaye yanzu bututun inci 2 ne mai kilo 30, na sa an auna shi a gabana. Santimita 60 nasa suna cikin kankare, an rungume shi da noti mai siffar U a ginshiƙin kusurwar katanga a mita 3, sannan na zura na inci ɗaya da rabi a sama ya kai eriyar mita 7 da 'yan kai. Abin da ke sarari bai kai mita huɗu da rabi ba, lissafinsa wajen 60 ne a kan 175, fizgar da ginshiƙin ke sha kuma ba ta kai kilo 50 ba. Na mayar da shi kusurwar da yammacinta garken shanu ne da babu kowa a ciki da damina. Na rubuta lissafin a bayan kwalin rautar na kai wa Baba. Ya duba, ya juya kwalin, ya ce, "To, kira Alhaji ya gani, shi aka yi wa ɓarna." Alhaji ya zo ya kama ƙarfen da hannu biyu ya girgiza, sannan ya tambaye ni ko sabis ɗin yana kai wa zaurensa. Yana kai wa, na ba babban ɗansa lambar sirrin.